Sharhi: Matuƙin da Ya Ratse Shan Mai

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Duk wanda ya saba hawa jirgin sama da hunturu ya san wannan takaici: an doshi Kano, hazo ya rufe filin Malam Aminu, jirgi ya yi ta shawagi, can sai muryar matuƙi ta ce za a karkata zuwa Abuja. Nan take gunaguni ya tashi, wannan an ɓata masa ɗaurin aure, wancan ciniki ya kuɓuce. To, yau wannan matuƙin nake son karewa.

A sararin sama babu gidan mai. Shi ya sa ƙa'ida ta ce jirgi ya ɗauki man tafiyarsa, da na isa wani filin idan na farko ya ƙi saukuwa, da ɗan ƙari saboda tsautsayi, sannan ajiyar ƙarshe ta minti 30 wadda ba a son a taɓa. Amma fa lissafin ɗan Adam ke yinsa, shi kuwa ajizi ne.

A watan Yulin 1983, wani sabon Boeing 767 na kamfanin Air Canada ya tashi da ƙasa da rabin man da yake bukata, don kawai an rikita awon fam da kilo. Injinansa biyu suka mutu a sama. Allah Ya taimaka matuƙin ya saba da jirgi marar inji, ya lallaɓa shi har tsohon filin soja na Gimli, ba a rasa rai ba.

Na 'yan ƙwallon Chapecoense na Brazil bai zo da sauƙi haka ba. Ranar 28 ga Nuwamban 2016, jirgin kamfanin LaMia ya kwaso su daga Santa Cruz ta Bolibiya zuwa Medellin ta Kolombiya, za su buga wasan ƙarshe na Copa Sudamericana, gasar ƙungiyoyin ƙwallon Kudancin Amurka. A takardar tafiyar an rubuta cewa za a yi awa 4 da minti 22 a sama, man kuma na awa 4 da minti 22 ne. Cif-cif, ba rara ko ta ɗigo. Akwai damar sauka a Bogota a sha mai, aka wuce. Alamar ƙarancin mai ta kunna tun da sauran tafiya, aka yi gum. Kada a manta, matuƙin yana cikin masu kamfanin, kuma kowace sauka kuɗi ce, wani lokaci har da tambayoyin hukuma.

Da suka iso Medellin sai aka ce su jira. Wa ake jira? Wani jirgin VivaColombia ne da ya tashi daga Bogota zuwa tsibirin San Andres, matuƙansa suka yi zargin mai na yoyo, ba su tsaya jayayya da zuciyarsu ba, suka nemi ratsewa, aka ba su hanya. Na LaMia kuwa suka ci gaba da kewaye, ba su fito fili sun ce mai ya ƙare ba sai da aski ya zo gaban goshi. Jirgin ya faɗi a kan tsauni kusa da filin, mutum 71 cikin 77 suka rasu.

Fasinjojin VivaColombia ba su kai San Andres a kan lokaci ba a wannan dare, kuma ina kyautata zaton wasunsu sun yi ta tsaki lokacin da aka sanar da su za a ratse. Dukansu da ƙafarsu suka sauko daga jirgin.