Kafin a ƙara wa AC gas: darasi a kan Hilux

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau Hilux ce a gareji, mai shan dizal, ta wani Alhaji da ke jigilar kayan gona. Kukansa biyu. In yana kan hanya AC na sanyi lafiya lau, amma da ya shiga gosulo sai ta koma hura masa ɗumi. Hita kuma tun da ya sayi motar bai taɓa jin ɗuminta ba. Ya ce sau uku ana ƙara masa gas a bazarar nan. Sau uku fa, Alhaji?

To ku saurara. Gas ɗin AC ba mai ba ne da inji ke ƙonawa. Zagaye yake yi cikin rufaffen bututu, daga kwamfuresa (famfon da ke matsa gas ɗin) zuwa kwandansa (mai kama da lagireto a gaban mota, inda gas ke fitar da zafi), ya shiga cikin dashbod, ya dawo. In ya ragu, to akwai inda yake zurarewa. Wanda ya ɗura maka bai nemi hujin ba, kwando ya zuba wa ruwa, ka biya.

Ni da ido da kunne nake farawa, geji mai auna matsin gas sai daga baya. Yaro, tayar da ita, ka danna AC, ka kai fanka ƙarshe. Kun ji wannan "ƙas"? Kulocin kwamfuresa ne ya kama. Matso da kyamara nan. Fulin da bel ke ja kullum yana juyawa, amma farantin nan na gaba ba ya juyawa sai kuloci ya kama. Ga shi yana tafiya, ke nan wuta na zuwa. Da bai kama ba, sai mu duba fis, mu ciro rile mu musanya da wani irinsa mu gani. Wani lokaci kuma lafiyarsu ƙalau, gas ne ya yi ƙasa sosai har makunnin matsi ya hana kwamfuresa tashi don kada ta ƙone. Akwai masu jona waya kai tsaye su tilasta mata. Kada ka yarda. Man da ke shafa kwamfuresa tare da gas yake yawo, in babu gas a bushe take gudu.

Yanzu taɓa bututun nan biyu. Mai kaurin ya kamata ya yi sanyi har ya yi gumi, siririn da ke fita zuwa kwandansa kuma ya yi zafi. A hankali da hannu, yana ƙuna. Mai kaurin nan sanyinsa bai kai ya kawo ba.

Kawo geji. Shuɗi na gefen ƙaramin matsi, ja na gefen babba, bakinsu ma ba ɗaya ba ne, ba za ka iya juya su ba. Motar nan R134a take sha, gas ɗin da ya maye gurbin R12 tun shekarun 1990, kuma a rubuce yake a takardar da ke manne ƙarƙashin bonet, har da nauyin da za a zuba. In inji a kashe yake ya huce, da safe kamar digiri 30, allura biyun za su tsaya wuri guda, kusan 100 a ma'aunin matsi na psi. Wannan bai gaya maka yawan gas ba, ya dai ce akwai. In tana aiki a zafin garinmu, shuɗi ya zauna wajen 30 zuwa 45, ja kuma wajen 200 zuwa 250. Ku duba tata: ja ya haura 300 yana ci gaba da hawa. Kun ji kwamfuresa ta saki? Ta yanke kanta. Wannan ba rashin gas ba ne, Alhaji. Ƙila ma ya yi mata yawa.

Ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Miƙo butar nan. Zan yayyafa ruwa a kan kwandansa, ku zuba wa allura ja ido. Kun ga yadda ta sauko? Alhaji sa hannu a bakin iska. Yauwa, ya ce ta yi sanyi. Ke nan kwandansa ba ta samun iskar da za ta fitar da zafi. A kan hanya iskar gudu na taimaka mata, a gosulo kuwa babu mai ceton ta sai fanka.

Kashe inji. Haska tocila tsakanin kwandansa da lagireto. Subhanallahi! Ƙurar hunturu ce ta haɗu da ƙaiƙayi da gashin kaza ta zama kamar bargo. Daga waje ba za ka gani ba, shi ya sa mai wankin mota ke wucewa. Za mu sassauta lagireto mu wanke da ruwa mai laushi, daga baya zuwa gaba. Banda injin feshi mai ƙarfi, yana kwantar da siraran haƙoran nan, ka koma gidan jiya.

Sai fankar kanta. Irin wannan Hilux ɗin fankarta a jikin inji take, da wani kai mai man silikon a ciki, wanda ke ƙara riƙe ta in zafi ya tashi. Inji na da zafi yanzu kuma a kashe yake, bari in tura ta da hannu. Kun gani? Sai juyi take kamar ba abin da ya riƙe ta. Mai lafiya za ka ji tana da nauyi, ta tsaya nan da nan. Ga ma shaidar mai ya tsiyaye a jikinta, ƙura ta manne. Wannan sai canji, ko a sake zuba mata mai in mai buɗuwa ce.

Abu biyu a gurguje. In iska ce ba ta fitowa da ƙarfi, ciro matatar da ke bayan akwatin dashbod ka gani, da yawa ba su san da ita ba. In kuma fankar da ke hura iska cikin mota ba ta aiki sai a lamba ta ƙarshe, resista mai rage mata gudu ce ta ƙone, ba fankar ba.

To hita. Na san wani zai ce me Bakano zai yi da hita? Ka tashi da asuba a watan Janairu ka nufi Jos, sannan ka zo mu yi magana. Hita ba gas take amfani da shi ba, ruwan lagireto ne mai zafi ke bi ta wani ɗan ƙaramin lagireto a cikin dashbod. Tiyo biyu ne ke shiga ta bangon nan da ya raba inji da cikin mota. In inji ya yi zafi, ka taɓa su. Duka biyun da zafi amma ba ɗumi a ciki, to ƙofar da ke gauraya iska ce ta maƙale ko wayarta ta zame. Ɗaya da zafi ɗaya da sanyi, ya toshe, yawanci tsatsar ruwan rijiya ce. Duka biyun ɗumi-ɗumi kawai, ka tambayi tamostat, wato bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto sai inji ya yi zafi. Makanikai da yawa na cire shi wai don ƙasarmu da zafi, ni ma an koya min haka ina yaro, kuma kuskure ne. A yawancin Toyota sai wajen digiri 82 yake buɗewa, in babu shi inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ga shan mai.

Mu ga ta Alhaji. A'a! Ku zo ku gani. An cire tiyo biyun an haɗa su da juna da guntun bututu, bakin hitar a buɗe. Wani ya yi haka ne saboda ta taɓa yoyo, maimakon gyara. Kafin mu mayar sai mun gwada ta da matsi, in ba haka ba ruwan zafi zai zubo a ƙafar na gaba. Kai, cire hannunka daga murfin lagireton nan! Ba a buɗe shi da zafi.

Alhaji, ka bar mana ita zuwa gobe da la'asar. Za mu wanke, mu gyara fanka, mu bi mahaɗan bututu da ruwan sabulu ko akwai kumfa. Sannan mu zuƙe gas ɗin, mu ja iska na minti 30, mu zuba sabo a kan sikeli daidai da abin da takardar bonet ta ce. Yaro, ɗauko sifana mai lamba 10 da 12.