Dodo a Harabar Makaranta

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa.

Sharhinmu na yau ya shafi wasu finafinai masu dogon zango da aka sha cewa yayinsu ya wuce, amma har gobe suna nan daram. Su ne waɗanda za ka ga yara 'yan sakandare da safe suna aji suna fama da jarrabawa, da dare kuma suna artabu da fatalwa, da matsafa, da masu shan jinin mutane, da waɗanda ke rikiɗewa su zama kyarkeci in wata ya cika. Babba in ya leƙa na minti biyar yakan girgiza kai ya ce shirme ne. Ni kuwa ina ganin akwai abin da ya sa yaran ke riƙe da su, kuma abin ya cancanci a saurare shi.

Lamarin ya daɗe. Tun a 1966 gidan talabijin na ABC a Amurka ya fara nuna Dark Shadows da yammacin ranakun aiki. Da farko bai samu kasuwa ba, sai da aka shigo da wani mai shan jini cikin labarin a 1967, nan da nan 'yan makaranta suka riƙa rugawa gida da an tashi don kada ya wuce su. Amma wanda ya kafa tsarin da ake bi har yau shi ne Buffy the Vampire Slayer, da tashar WB ta fara nunawa a watan Maris na 1997, ya yi zango 7 da kashi 144 kafin ya ƙare a 2003. Bayansa aka yi ta jerowa: The Vampire Diaries daga 2009 zuwa 2017, Teen Wolf a tashar MTV daga 2011 zuwa 2017, Stranger Things a Netflix daga 2016, sai Wednesday a 2022, wanda ya hau saman jerin finafinai masu dogon zango na Turanci da aka fi kallo a Netflix. Yaran da suka kalli Buffy suna sakandare, yau 'ya'yansu ne ke kallon Wednesday.

To me ke cikinsu?

Mu koma kan Buffy, domin a nan aka fi fito da abin fili. Makarantar da jarumar fim ɗin, wata yarinya mai suna Buffy da ke farautar masu shan jini, take zuwa a garin Sunnydale an gina ta ne a kan bakin wata ƙofa da miyagun halittu ke fitowa ta cikinta. Duk wanda ya taɓa zama sabon ɗalibi, ba aboki, ba wanda zai zauna kusa da shi, ba sai an yi masa dogon bayani ba. A zangon farko akwai wata yarinya da babu mai kula ta. Ta ɗaga hannu a aji malama ba ta kira ta, ta yi magana a cikin 'yan uwanta ɗalibai kamar ba ta yi ba. A hankali sai ta daina ganuwa gaba ɗaya, ta zama ana jin motsinta ba a ganin jikinta, daga nan ta shiga ramuwa. Marubutan ba su ƙirƙiro wani sabon ciwo ba. Sun ɗauki abin da dubban yara ke ji a ransu kullum, suka yi masa jiki da ƙafafu, suka sa shi yana yawo a harabar makaranta.

Haka abin yake a zango na biyu. Saurayin da Buffy ta amince masa, ta ba shi zuciyarta kacokan, washegari ya wayi gari wani mutum daban, mai izgili da mugunta, yana bibiyarta yana cutar da duk wanda take ƙauna. A labarin an ce ruhinsa ne ya fita saboda wata tsinuwa. Amma 'yan mata nawa ne suka kalli wannan kashi suka gane fuskar wani da suka sani? A Teen Wolf kuma yaro ne mai ciwon asma, wanda ba a damu da shi a filin wasa ba, wata dabba ta cije shi a daji. Daga nan jikinsa ya fara canjawa ba da izininsa ba: ƙarfi ya zo, gashi ya fito, fushi na taso masa ya kasa dannewa, yana tsoron kada ya illata waɗanda yake so, yana kuma ɓoye wa mahaifiyarsa. In aka cire kyarkecin, abin da ya rage shi ne balaga, yadda mai shekara 15 ke jin ta.

A nan ne, a ganina, sirrin yake. Babba ya riga ya san cewa ɓacin ran ƙuruciya yana wucewa, domin nasa ya wuce. Yaro bai sani ba tukuna. Abokinsa na farko da ya juya masa baya, a wurinsa duniya ce ta tashi. Masana ƙwaƙwalwa ma sun nuna cewa ɓangaren gabanta, mai auna al'amura da taka wa zuciya birki, ba ya gama nuna sai mutum ya shiga shekaru ashirin da 'yan kai, alhali ɓangarorin da ke tayar da tsoro da shauƙi sun riga sun kankama tun farkon balaga. Don haka in yaro ya ce abin ya fi ƙarfinsa, gaskiyarsa yake faɗa. Mu manya mukan ce masa ya yi haƙuri, ba komai ba ne. Waɗannan finafinan kuwa sai su ce masa: ƙwarai, komai ne, ga shi ma duniya za ta halaka in ba ka tashi ba. Sun auna damuwarsa da ma'aunin da shi yake auna ta. Wanda ya yi maka haka kana yaro, da wuya ka manta da shi.

Ku lura kuma da matsayin manya a cikin labaran. Kusan kullum ba sa gani. Gari na ta cin mutane, hukuma na cewa haɗari ne ko dabbar daji, shugaban makaranta ya fi damuwa da sunan makarantarsa. A Stranger Things, yaro ya ɓace a garin Hawkins na jihar Indiyana a 1983, abokansa uku a kan kekuna su ne suka fara gano inda gaskiya take, mahaifiyarsa kuma da ta dage cewa ɗanta na raye, sai aka ɗauke ta wadda baƙin ciki ya taɓa wa hankali. Yaron da ake cin zalinsa a makaranta, ya kai ƙara aka ce wasa ne, ya san wannan yanayi sarai. A Koriya ta Kudu, All of Us Are Dead na 2022 ya ɗauki batun kai tsaye: cutar da ta mayar da ɗalibai gawarwaki masu farautar mutane ta samo asali ne daga wani malamin kimiyya da ɗansa ya sha azaba a hannun azzaluman ɗalibai, ba wanda ya tsaya masa. Harshe daban, ƙasa daban, amma makarantar ce dai da yaran da aka bari su ji da kansu.

Sai abota. Na yi imani da a ce dodanni kaɗai ake nunawa, da tuni an gaji. Abin da ke dawo da mai kallo shi ne 'yan tsirarun nan da ke taruwa a laburaren makaranta ko a ɗakin ƙasa na gidan ɗayansu, suna riƙe da sirrin da ba wanda ya sani sai su. Galibinsu ba fitattu ba ne a makaranta. Akwai mai kunya, akwai mai yawan surutu don ɓoye tsoro, akwai wadda aka mayar saniyar ware. A cikin ƙungiyar kowa na da amfani, har wanda ba shi da wata baiwa sai riƙon amana. Matashin da ke kallo shi kaɗai a ɗaki, abin da yake kwaɗayi ke nan fiye da kowane irin siddabaru.

Akwai wani abu kuma da ba a cika yabon finafinan nan a kansa ba, wato yadda suke magana a kan mutuwa da yara. A 2001, a zango na biyar, Buffy ta shigo gida ta tarar da mahaifiyarta kwance a kan kujera ba rai. Ba dodo ba ne ya kashe ta, jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwarta. Yarinyar da ta saba kayar da kowace irin halitta ta tsaya ba ta da abin yi. Duk tsawon kashin ba a sa kiɗa ko ɗaya ba, sai shiru da ƙarar abubuwan gida. Masu sharhin talabijin da dama na lissafa shi cikin mafi ingancin abin da aka taɓa nunawa kan rashi. Shekara 21 bayan haka, Stranger Things ya nuna wata yarinya da mutuwar ɗan uwanta ta sa ta janye daga kowa, dodon kuma ta wannan ƙofar ta baƙin ciki yake shiga mutane. Abin da ya cece ta shi ne abokanta da waƙar da take so, ta mawaƙiyar Ingila Kate Bush, waƙar da ta fito tun 1985. Matasa suka yi ta sauraronta har ta hau mataki na ɗaya a Birtaniya a 2022, shekara 37 da fitowarta.

Wani lokacin ma labarin kan zo kusa da gaskiya har ya ba da tsoro. A watan Afrilun 1999 an shirya nuna wani kashi na Buffy da ke da ɗalibi riƙe da bindiga a hasumiyar makaranta, sai ga harin bindiga da wasu ɗalibai suka kai a makarantarsu ta Columbine a jihar Kolorado ta Amurka. Tashar ta ɗage shi zuwa Satumba. A cikin kashin, yaron kansa yake niyyar kashewa, saboda yana ganin ba wanda ya san yana duniya.

Duk da haka, masu sauraro, ba zan ce komai nasu daidai ne ba, kuma akwai abin da ke damuna ƙwarai. Irin soyayyar da wasunsu ke ƙawatawa abin dubawa ce. A The Vampire Diaries, saurayin da ke zaune a aji kamar ɗan shekara 17 ya zama mai shan jini ne tun 1864, wato ya haura shekara 160, yarinyar kuwa 17 ɗinta na gaske ne. Yayansa ya taɓa karya wuyan ƙanin yarinyar a gabanta don ta ƙi shi, amma daga baya labarin ya mayar da shi masoyinta na ƙarshe. Saƙon da ke ƙasa shi ne mugun namiji zai gyaru in mace ta yi haƙuri ta ci gaba da sonsa, kuma kishi mai tsanani da bibiya alamar ƙauna ce. Wannan darasi yana jefa 'yan mata cikin wahala a rayuwa ta zahiri, inda babu zoben tsafin da zai dawo da wanda aka kashe kamar yadda ya dawo da ƙanin nata a fim ɗin. Ga kuma batun 'yan wasan kansu. Paul Wesley, wanda ya fito a matsayin wancan saurayin, yana da shekara 27 lokacin da ya fara fitowa a matsayin ɗan 17. Yaro na gaske mai ƙuraje a fuska ya dubi wannan ya dubi madubi, sai ya ga kamar shi ne bai cika ba.

Iyaye da yawa, a addinai daban-daban, suna ƙyamar yadda ake nuna tsafi kamar abin sha'awa, kuma haƙƙinsu ne su tace abin da ke shiga gidansu. Ba kowane fim mai 'yan makaranta ba ne aka yi don 'yan makaranta; na Koriya da na ambata an ware shi ne ga manya saboda yawan jini. Abin da nake roƙo shi ne, kafin a kashe ko bayan an kashe, a tambayi yaron wa ya fi so a cikin labarin, kuma me ya sa. Wanda ya ce yarinyar da ba a gani ce ta fi taɓa masa zuciya, ya faɗa maka abin da ba zai iya faɗa kai tsaye ba.

Akwai kuma dalili na kasuwa da ya sa tsofaffin ba sa mutuwa. A da, tasha kan nuna kashi wajen 22 a shekara, daga kaka zuwa bazara, daidai da shekarar karatu a Amurka. Jaruman na cin jarrabawa lokacin da masu kallo ke cin tasu, suna gama sakandare tare. The Vampire Diaries ya tara kashi 171 a shekara 8, har ya haifi wasu biyu, The Originals da Legacies, kuma garin Covington na jihar Jojiya inda aka ɗauke shi har yanzu yana karɓar baƙi masu zuwa ganin wuraren. Stranger Things kuwa kashi 42 ya yi tsakanin 2016 da 2025, wani lokacin ana jira har shekara uku kafin sabon zango, har yaran cikinsa suka girma suka bar shekarun da suke wakilta. Sababbin sun fi kuɗi da kyan hoto, amma ba sa zama da mai kallo mako bayan mako. Shi ya sa matashin yau in ya cinye sabo a kwana biyu, sai ya koma neman na da a intanet, inda zai samu ɗaruruwan kashi da za su raka shi tsawon shekara, duk da cewa an gama ɗaukar wasunsu tun ba a haife shi ba.