Na Dawo Kaduna Neman Ƙyallayen Tela

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ba daga jihar Ohayo ta Amurka nake muku magana ba, kun dai ji ƙarar keke napep a bayana. Kaduna nake, kwanana shida ke nan da sauka jirgin ƙasa a Rigasa, kuma har yanzu barcina bai daidaita ba. Masu tambayar ina nake samun atamfofin da nake haɗa barguna da su, yau za ku gani da idonku.

Ga sababbin zuwa: abin da nake ɗinkawa Amurkawa na ce masa kwilt. Bargo ne mai hawa uku, sama ƙyallaye da aka harhaɗa, tsakiya auduga, ƙasa yadi ɗaya shimfiɗe, sai a bi su da ɗinki su zama abu guda. A wajen wasu tsofaffin mata na unguwarmu na koya, lokacin da sanyin can ya hana ni fita ko ƙofar gida.

To, nan Kasuwar Barci ce, Tudun Wada. Wannan bawan Allah shi ke wa Umma ɗinki tun ina firamare. Da na ce masa, "Baba, ƙyallaye na zo saye," sai ya ɗaga ƙafa daga kan keke ya ce, "'Yata, daga Amurka kika taso saboda shara?" Ya jawo min buhu guda daga ƙarƙashin tebur, ya rantse ba zai karɓi ko sisi ba. Bai san a can yanki ake sayarwa ba, inci 18 a 22, kwatan yadi ke nan, a naɗe shi da kyau kamar alewa, kuma mutane su bi layi.

Ga mu a gida, na zazzage buhun a tabarma. Ku duba. Ja, kore, ruwan goro, ruwan hoda, ruwan bula, ga wata mai zanen fanka, ga mai tsuntsaye. Kowace ka ɗaga ita kaɗai, kyakkyawa ce. A nan ne na yi faɗuwar farko. Bargona na fari da ragowar ankon bukukuwan gidanmu na yi shi, kala goma sha, duk wadda nake so na saka. Wata uku ina ɗinki. Da na shimfiɗa shi na ja baya, wallahi sai na ga kamar kwaɗon zogale da aka cakuɗa. Tsarin da na wahala a kansa ya ɓace ɗungurungum. Wata tsohuwa cikin masu koya min ta daɗe tana kallo, sannan ta ce kalolina ba su da laifi, matsalar ita ce duk ƙarfinsu ɗaya, babu mai haske sosai, babu mai duhu sosai.

Na yi kwana biyu ina jin haushinta, amma gaskiya ta faɗa. Daga nesa ido ba sunan kala yake fara gani ba, haske da duhu yake gani. Ja da kore sunansu daban, amma in nauyinsu ɗaya, a bargo narkewa suke cikin juna. Bari in nuna muku da waya. Na jera ƙyallaye takwas, na ɗauki hoto, na mayar da shi fari da baƙi. Kun gani? Shida daga ciki sun koma toka iri guda. Wannan jan da nake ganin yana ihu, ga shi nan ba a bambanta shi da koren da ke gefensa. Ruwan ɗorawan nan kaɗai ya tashi fari, sai ruwan hantar nan ya faɗa baƙi. Tun daga ranar ba na yanka komai sai na yi hoton nan. In waya ba caji, ku runtse ido kaɗan ku kalla, kusan abu ɗaya ne.

Saboda haka kashi uku nake kasa su: masu haske, na tsakiya, masu duhu. Kuma ga abin da ke faruwa da atamfa kullum, tulin tsakiya ya kai gwiwa, na haske ko tafin hannu bai cika ba. Mu ai atamfa don a gan mu a biki muke saye, wa zai je kasuwa neman mai sanyi? Shi ya sa jiya na shiga Kasuwar Gumi na yanko farin yadi na auduga, da ruwan madara, da baƙi, marasa zane ko ɗaya. Mai shagon ya ɗauka ɗinkin 'yan makaranta zan yi. Su ne ke ba ido wurin hutawa. Mutanen Amish na jiharmu, waɗanda har yau keken doki suke hawa, tsofaffin bargunansu babu fure ko ɗaya, zallan yadi ne, su ajiye baƙi kusa da shuɗi ko ja, sai ka ga kalar kamar an kunna mata fitila. Daga wurinsu na daina tsoron baƙi.

Sai girman zane, wannan kam ba zan daɗe a kai ba. Furen nan ya fi tafin hannuna. In na yanka shi tsiri-tsiri inci 2 da rabi, ga kwatan inci da ɗinki zai cinye kowane gefe, babu sauran fure, sai wani yanki ya fito ja, wani fari, kamar ba turmi ɗaya ba. Irinsa babban gida nake ba shi a tsakiya, in kewaye shi da masu ƙananan ɗigo.

Umma ce ta shigo. Umma, gaida mutane. Ta ƙi, wai ba ta ɗaura kallabi ba. Amma ku ga abin da ta kawo min daga ƙasan akwati, zane uku na lefenta. Kakana a masaƙa ya yi aiki a Kakuri, zamanin da garin nan ke tufatar da Arewa. Masaƙar Kaduna Textiles, wato KTL, tun 1957 ta fara saƙa, daga baya masaƙun United Nigerian Textiles da Arewa Textiles suka biyo, kuma Umma ta ce wannan mai ganyen 'yar Kakuri ce, da albashin mahaifinta aka saya. Wanki da rana sun kwantar mata da kala, shuɗin ya koma ruwan omo. Ita tana ba ni haƙuri wai ya koɗe, ni kuwa koɗewar nake nema ruwa a jallo, don sabuwar atamfa ba ta ba ni wannan hasken. Sai dai na ɗaga shi a rana tukuna. Inda haske ke ratsawa ya ruɓe, ba zai jure zama kusa da sabo ba, sai in zagaye wurin da almakashi.

Tsarin da zan yi tsoho ne, can suna ce masa gidan katako. Ɗan murabba'i ja a tsakiya, wai murhun gida ke nan, sai a riƙa kewaya shi da tsiri, gefe biyu masu haske, gefe biyu masu duhu. Zannuwan Umma da ruwan madara su riƙe haske, ruwan hanta da baƙi su riƙe duhu. Jan tsakiyan kuwa sai ya ci jarrabawa. Na jiƙa shi a ruwan ɗumi, na goga da farin ƙyalle. A'a, ku duba, ya zuba. Wannan in ya shiga bargo, wanki ɗaya zai mayar da lefen Umma ruwan hoda, kuma ni da gidan nan sai dai a waya. Zai sha wanki shi kaɗai har ruwan ya fita tas, in ya ƙi, ya koma buhu. Sauran ma duk wanke su zan yi kafin yanka, don sitacin ya fita, mai tsukewa ya tsuke tun yanzu.

Umma, wancan mai tsuntsayen fa? Ta ɗauke, wai ya isa ɗankwalin jikarta. Shi ke nan, na rasa gidan tsakiya guda. Af, an kawo wuta! Ku yi haƙuri jama'a, bari in jona dutsen guga kafin su sake ɗaukewa. Sai kun ji ni.