Man Dizal Daga Gona: Ina Za Mu Samo Shi?

A ce ga kwalba a gabanku, ruwan cikinta ya rabu biyu. Ruwan da ke sama, mai kalar zuma, man dizal ne da aka yi daga man suya. Wanda ya kwanta a ƙasa, mai duhu da kauri, gilisirin ne, masu sabulu na neman sa.

Haɗin ba wani sirri ba ne. Ana tace mai, a ɗumama shi zuwa kusan digiri 60, a zuba masa sinadarin metanol da aka narkar da sodar yin sabulu a ciki. Lita 5 ta mai tana cin kusan lita 1 ta metanol. A gauraya, a bar shi ya kwana, ya rabu gida biyu. Amma a kiyaye, metanol guba ne, yana makantarwa, ba aikin tsakar gida ba ne.

Tun 1900 aka tayar da injin dizal da man gyaɗa a bajekolin birnin Faris. Yau Indonesiya ta yi nisa: a 2023 kashi 35 cikin 100 na dizal ɗinta daga kwakwar manja yake, a 2025 ta ɗaga zuwa 40. Najeriya ma ta fitar da manufar man tsirrai a 2007, sai dai har yau ba ka ganin sa a gidan mai.

To, mu da me za mu yi? Kar ma a kawo zancen man gyaɗa. Wanda uwargida ke saye a ƙulle a leda, shi za a zuba wa tirela? Manja kuwa, shigo da shi muke yi don na gida ba ya isa.

Saura angurya, da 'ya'yan darbejiya, da man da masu ƙosai suka gaji da soyawa, sai kuma bini-da-zugu. Akuya ba ta cin sa, shi ya sa ake shinge da shi, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙwayarsa mai ne. Wajen 2008 kamfanonin Turai sun kwashi filaye a Ghana da Tanzaniya da Mozambik, wai zai yi 'ya'ya ko a faƙo. Bai yi ba, aka yi ta asara.

A garin Garalo na ƙasar Mali kuwa, ƙananan manoma aka sa suka shuka shi don a tayar da janareton garin. Irin wannan ne ya fi kama da ƙarfinmu: shingen gona, injin matsa guda ɗaya, mai ya tafi injin niƙa da na ban ruwa a fadama.