Darasi: Yadda Za a Buga Zane a Tishat Ba Tare da Yadin Ya Babbake Ba

Assalamu alaikum, masu kallonmu. Barkanmu da sake haɗuwa daga wannan shago namu da ke Agege. Yau za mu yi magana a kan abin da ya fi ci wa sababbin shiga wannan sana'a tuwo a ƙwarya, wato a ɗaga farantin injin da ke manna zane a riga da zafi a tarar da zanen ya zauna daram, amma yadin da ke kewaye da shi ya yi rawaya ko ya yi sheƙi, ga shatin faranti nan murabba'i a ƙirjin riga.

Kafin ku kunna inji, ku juya wuyan rigar ku karanta ɗan ƙyallen da ke ɗinke a ciki, domin zafin da auduga za ta ɗauka lafiya lau shi ne zai lalata foliyesta. Auduga zalla tana jure digiri 150 zuwa 160 a ma'aunin Selshiyas na daƙiƙa 10 zuwa 15, kuma a nan ne yawancin leda mai mannewa da zanen DTF (wanda ake fara bugawa a kan siririyar leda sannan a manna shi a riga da zafi) suke kamawa. Foliyesta kuwa zaren roba ce, ba ƙonewa take yi irin ta auduga ba, narkewa take yi, shi ya sa take yin sheƙin da wanki ba ya fitarwa. A kanta ku nemi ledar da ke kamawa a wajen digiri 130 zuwa 140. Na taɓa karɓar aikin rigunan ƙwallo na wasu matasan unguwa, na matsa su da zafin da na saba yi wa auduga, sai da na ɓata shida kafin na ankara, kuma daga aljihuna na biya.

Ku duba kuma ko injinku yana nuna harafin C ne ko F, saboda takardar bayanin da ke zuwa da kayan Amurka da Farenhait take lissafi, inda 320 ke daidai da 160 na Selshiyas.

Yanzu ku matso ku ga wani abu. Allon wannan inji yana nuna 155, amma da na haska wannan ƙaramin ma'aunin zafi a tsakiyar faranti, ga shi ya haura haka, gefen kuma bai kai ba. Injuna masu araha da yawa haka suke, kuma idan wuta tana hawa tana sauka, ko an koma kan janareta, abin yana ƙaruwa. A ganina wannan ma'auni ya fi kowane kayan aiki muhimmanci bayan injin kansa. Wanda bai da shi ya yanko ƙyalle irin yadin da zai yi aiki da shi ya gwada tukuna.

Sai maganar danshi, wadda mu mazauna Legas ba za mu yi wasa da ita ba. Rigar da aka sayo daga kasuwar Balogun ta kwana a shago, musamman da damina, ta sha laima ko da hannu bai ji ba. Ku shimfiɗa ta, ku matsa ta babu zane na daƙiƙa 5, za ku ga tururi yana tashi. Idan ba a fitar da wannan ruwa ba zanen ba zai kama da kyau ba, mutum kuma sai ya ƙara zafi ko ya maimaita matsawa, daga nan ƙuna take samo asali.

Bayan kun ɗora zanen, ku rufe shi da shimfiɗar Teflon (wani siririn mayafi mai jure zafi da ba ya mannewa) ko takardar gashin burodi, ta yadda ƙarfe ba zai taɓa yadin kai tsaye ba. Kada ku ɗaure inji tamau. Matsi matsakaici ya isa. Wuyan riga da ɗinkin kafaɗa sun fi sauran wurare tudu, su ne ke fara cin wuta, don haka ku zame su waje da faranti, ko ku saka ɗan matashin da aka yi domin wannan aiki a cikin rigar ya ɗago wurin zanen kaɗai.

Idan jar riga ta auduga ta yi duhu bayan an ɗaga faranti, kada hankalinku ya tashi, ku bar ta ta huce, galibi launinta yana dawowa. Farar auduga da ta yi ɗan rawaya kuma, a fesa mata ruwan haidirojin ferokzaid mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari, irin wanda ake samu a kantin magani, a bar ta ta bushe, sau da yawa tabon yana dishewa. Amma kada a gwada shi a kan riga mai launi, domin zai iya cinye launin. Ga wata fara nan da na babbaka da gangan ɗazu, bari in fesa mata ku gani da idonku.