Telolin Dagenham: Matan da Suka Tsayar da Kamfanin Ford

Jama'a, barkanmu da warhaka. A ce ga mota sabuwa fil, inji lafiya lau, an yi mata fenti, an ɗaura tayoyi, amma ba kujera a ciki. Wa zai saye ta? Tambayar da ta hana shugabannin kamfanin Ford barci ke nan a watan Yunin 1968, kuma a kanta aka gina fim ɗin Made in Dagenham, wanda Nigel Cole ya ba da umarni, ya fito a 2010.

Dagenham unguwa ce a gabashin Landan, inda Ford ke da wata katafariyar masana'antar ƙera motoci. Maza dubun-dubata ne ke aiki a can. Mata kuwa su 187 ne a sashen ɗinki, suna zaune gaban keke suna ɗinka rigunan kujerun mota. Da kamfani ya sake tsara matakan albashi, sai ya jefa su a mataki na B, wato na waɗanda aikinsu bai buƙatar wata ƙwarewa. Kuma ko a wannan matakin ma ba cikakken kuɗin ake ba su ba, kashi 85 cikin ɗari ne na abin da namiji ke karɓa. Ranar 7 ga Yuni suka shiga yajin aiki.

Ku dubi yadda fim ɗin ya nuna wurin aikin nasu. Zafi kamar gidan burodi, in ruwa ya sauko kuma rufi na yoyo. Sai ga Rita O'Grady, wadda Sally Hawkins ta fito a matsayinta, an tafi da ita zaman sulhu don kawai ta cika kujera ta yi shiru. Ana cikin magana ta buɗe jaka, ta zazzage ƙyallayen rigar kujera a kan tebur, ta ce wa manyan su haɗa su in aikin na kowa da kowa ne. Duk wanda ya taɓa zama kusa da tela ya ga yadda ake haɗa wuyan riga ya san abin da take nufi. A ganina wurin nan ya fi ko'ina daɗi a fim ɗin.

Sai dai ku sani, babu wata Rita a tarihi. Marubucin ne ya tattara halayen mata da dama ya zuba a jikin mutum ɗaya. Waɗanda suka ja ragamar yajin da gaske sun haɗa da Rose Boland, Eileen Pullen, Vera Sime, Gwen Davis da Sheila Douglass.

Da rigunan kujerun da ke ajiye suka ƙare, aiki ya tsaya cak, aka tura maza gida. Nan fim ɗin ya shiga cikin ɗaki. Mijin Rita, Eddie, da farko yana bayanta, amma da aljihu ya bushe sai ya fara gori: shi ba ya shaye-shaye, ba ya neman mata, bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Ita kuwa ta nuna masa cewa ai dama haka ya kamata, wannan ba alfarma ba ce. Shugabannin ƙungiyar ƙwadago ma, waɗanda ake zaton su ne gatansu, wasunsu sun fi son a lallaɓa maganar ta mutu. Akwai kuma matar wani manajan kamfanin, mai digirin tarihi daga jami'ar Kambirij, wadda mijinta ya mayar da ita mai kawo wa baƙi abinci kawai. Ita ce ta ara wa Rita jar rigar da ta sa ranar ganin minista.

Ministar ita ce Barbara Castle, mai kula da ayyukan yi a gwamnatin Harold Wilson. Ta zauna da matan, bayan mako uku ana yaji aka daidaita: albashinsu ya tashi zuwa kashi 92 cikin ɗari na na maza, shekara mai zuwa kuma a cike gibin. A 1970 majalisar Birtaniya ta zartar da dokar daidaita albashi tsakanin mace da namiji, ko da yake ba ta fara aiki ba sai ƙarshen 1975, wai don a ba kamfanoni lokaci su shirya.

A nan fim ɗin ya rufe, ana murna ana tafi. To amma ku tuna abin da ya fitar da matan tun farko. Ba maganar daidaito da maza suka fara ba, cewa suka yi a yarda aikinsu na ƙwararru ne, a mayar da su mataki na C. Wannan kuwa ba su samu ba a 1968. Sun koma kan kekunansu har yanzu sunansu marasa ƙwarewa, an dai ƙara musu kuɗi. Sai da aka shekara 16, a 1984, telolin suka sake ajiye aiki na tsawon mako shida, sannan kamfanin ya amince ya ɗaga su zuwa matakin da suka nema.