Kibiyar da ke kayar da ɗalibai: lacca kan mayar da alamomin mandiƙi zuwa magana

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamai da ɗalibai, barkanmu da yamma. Na ga wasu a tsaye can baya, ku matso, akwai kujeru a nan gaba.

An nemi in yi bayanin yadda ake ɗaukar jumlar mandiƙi (wato logic, ilimin auna hujja) da aka rubuta da alamomi a mayar da ita magana, musamman da Turanci, tunda da shi ake yi muku jarrabawa. Shi mandiƙi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Shehu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, har musayar baitoci ya yi da Imam Suyuɗi yana kare wannan ilimi. Alamomin ne suka zo daga baya. George Boole, mutumin Ingila, shi ya fara sarrafa mandiƙi kamar lissafi a 1847, ya faɗaɗa aikin a 1854, aka ci gaba da gini a kai har aka iso ga p da q ɗin da kuke gani a allo.

Na daɗe ina duba takardun ɗalibai, kuma abin da ke damuna guda ne. Yaro zai bi alamomin ɗaya bayan ɗaya, ya musanya kowace da kalma, ya ajiye biro. Ka tambaye shi me jumlar ke nufi, sai ya yi shiru. Ni abin da nake so ku riƙe shi ne, kafin ku rubuta komai, ku tambayi kanku: a wane hali wannan magana za ta zama ƙarya?

Mu ɗauki kibiya, p → q. A ce p na nufin Audu ya ci jarrabawa, q kuma babansa ya saya masa keke. Uban ya ce, "Idan ka ci, zan saya maka keke." Yaushe za a ce ya saɓa alkawari? Sai in Audu ya ci, keke bai zo ba. Nan kaɗai. In Audu ya faɗi, uban ya tausaya masa ya sayo keken, wa zai kira shi maƙaryaci? Ai bai taɓa cewa komai a kan faɗuwa ba. Shi ya sa a jadawalin gaskiya da ƙarya, inda ake jera duk halin da p da q za su iya kasancewa, cikin layuka 4, ɗaya tak ne ƙarya. To da Turanci sai ku rubuta "if p, then q".

Inda ake zubewa shi ne "only if". Ɗalibi yana ganin "if" a ciki sai ya ɗauka abu ɗaya ne, alhali kibiyar ta juya. A nan ina roƙonku ku koma wa Hausarku, domin muna da kalmar da ta fi ta Turancin fitowa fili, wato "sai". Ba a shiga jirgin Makka sai da fasfo. Shin duk mai fasfo ya shiga jirgi ke nan? A'a, mutum nawa ke da fasfo a aljihu suna zaune a gida! Abin da maganar ta tabbatar shi ne, duk wanda ka gani a cikin jirgi yana da fasfo. Kibiya ta tashi daga shiga jirgi ta sauka kan fasfo. Wannan "ba... sai" ɗin shi ne kuma "not... unless" da ke firgita ku.

Kada wanda ya rikice ya ji kunya. A 1966 masanin halayyar ɗan Adam Peter Wason ya gwada mutane da kati huɗu, kowanne da harafi a fuska ɗaya da lamba a ɗayar, misali ana ganin A, K, 4 da 7. Ƙa'idar ita ce, in akwai wasali a fuska ɗaya, to lambar da ke bayansa biyu tana raba ta ba saura. Waɗanne katunan za a juya a tabbatar? Mafi yawa sukan ce A da 4, ko A kaɗai. Amsar A da 7 ce, domin su biyun ne kawai za su iya ƙaryata ƙa'idar. Kun ga tambayar nan tawa ta sake dawowa.

Alamar ∨ kuwa "ko" ce mai yarda da duka biyun. Ba irin ta mai gida da ke tambayar baƙo "shayi ko kunu?" ba. In kuna tsoron a fahimce ku a karkace, ku ƙara "or both". Ita ∧, wato "kuma" ko "and", ba ta da rigima, sai dai ku sani "but" ma ∧ ce. "Ya yi karatu amma ya faɗi" abu biyu ne suka auku, shi ke nan.

Saura korewa, wato alamar ¬. ¬(p ∧ q) ba ta ce Audu bai ci ba kuma bai sami keke ba. Cewa ta yi ba duka biyun ne suka auku ba, aƙalla ɗaya bai samu ba. Wannan ita ce dokar masanin lissafi De Morgan. Ku rubuta "not both", ku bar "neither" sai korewa ta hau kan ∨. Baka biyun nan da ke kewaye da p da q, su ne suka nuna muku iyakar inda korewar ta tsaya.

Yanzu kowa ya fito da takarda. Ga ¬q → ¬p, da Audunmu da kekensa. Ku fara faɗin ta da Hausa a zuci, sannan ku rubuta Turancin. Minti biyar na ba ku, daga nan mu karɓi tambayoyi kafin a kira Magariba.